Gidan Rediyon Al'umma: Darasi Daga Garin Ada na Ƙasar Gana

Gidajen rediyo iri uku ne. Akwai na gwamnati, wanda ake tafiyar da shi da kuɗin baitulmali. Akwai na kasuwanci, wanda wani attajiri ko kamfani yake kafawa domin ya sayar wa masu talla fili, ya ci riba. Sa'an nan akwai na uku, watau gidan rediyon al'umma, wanda mutanen gari ɗaya ko yanki ɗaya suke mallaka tare, suna tafiyar da shi da kansu, cikin harshensu, ba don neman riba ba. Yarjejeniyar watsa labarai ta Afirka, wadda aka amince da ita a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya a 2001, ta tabbatar da wannan rabo, haka kuma yake a ƙa'idojin Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, watau NBC. Na farko da na biyu kowa ya san su. Na ukun ne jama'a da yawa a ƙasar nan ba su saba da shi ba, har wasu sukan zaci ƙaramin gidan rediyon kasuwanci ne da bai kai ga yin ƙarfi ba tukuna. Bambancin kuwa a wajen mallaka yake: a gidan rediyon al'umma, masu saurare su ne masu gidan, su ne kuma masu magana a cikinsa.

Abin ya daɗe a duniya. A 1947 wani limamin Kirista ya buɗe ƙaramin gidan rediyo a ƙauyen Sutatenza na ƙasar Kolombiya domin koya wa manoma karatu. Ba da daɗewa ba masu haƙar ma'adinai a Bolibiya suka kafa nasu, suna yankar wani abu daga albashinsu don riƙe su. A Afirka an fara gwadawa a garin Homa Bay na ƙasar Kenya a 1982 da taimakon hukumar UNESCO, amma bai cika shekara uku ba gwamnatin lokacin ta rufe shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wancan aiki na Kenya shi ne Alex Quarmyne, mutumin Ada a ƙasar Gana, wanda ya daɗe yana aiki da UNESCO. Shi da matarsa Wilna ne daga baya suka jagoranci kafa gidan rediyon da wannan darasi zai duba.

Ada da mutanenta

Ada tana kudu maso gabashin Gana, kimanin kilomita 100 daga Akra, daidai inda kogin Bolta ya faɗa teku. Mutanen wurin ƙabilar Dangme ne. Sana'o'insu su ne su a kogi da teku, da bandar kifi, da noma, da ɗibar gishiri a wani babban tafki mai suna Songor. Da yawa daga cikinsu ba su yi karatun boko ba, ga shi kuwa gidajen rediyon Akra da Turanci da manyan harsunan ƙasar suka fi magana. Saboda haka masunci yana iya kwana da akwatin rediyo a kunnensa bai ji kalma ɗaya da ta shafi kwalekwalensa ba.

Bayan tsarin mulkin Gana na 1992 ya buɗe ƙofa ga kafofin watsa labarai masu zaman kansu, sai aka nemi izini, aka samu. Ran 1 ga Fabrairu 1998 Rediyo Ada ya fara watsa shirye-shirye a zangon FM. Tun daga farko aka tsai da shawara cewa da harshen Dangme za a yi magana, kuma za a ba kowane karin harshen haƙƙinsa, domin yadda mutumin Ada yake magana ya ɗan bambanta da na Krobo ko Ningo ko Shai. A shekarunsa na farko yana buɗewa da ƙarfe 5 na asuba ya rufe da ƙarfe 10 na dare, watau awa 17 kowace rana, an kuma ƙiyasta cewa muryarsa tana kai wa ga mutane fiye da rabin miliyan.

Su wane ne ma'aikatan

Mai karatu zai yi tambaya, wa yake cika awa 17 da magana in babu albashi? Amsa ita ce 'yan sa-kai. A farkon lamarin Rediyo Ada yana da kimanin mutum 50, cikinsu akwai manoma, da masunta, da malaman makaranta, da magina, da masu kitso, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati. Mafi yawansu ba su taɓa tsayawa gaban makirufo ba. An tara su an koya musu yadda ake ɗaukar murya, da yadda ake yi wa mutum tambaya, da yadda ake tace labari, kafin ranar buɗewa.

Tsarin ya yi kama da aikin gayya da aka sani a ƙauyukanmu, sai dai gayya ta yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse, rediyo kuwa kullum ne, ranar kasuwa da ranar ruwa. Don haka tilas a yi jadawali. Malamin makaranta ya zo bayan an tashi, ya karanta labaru. Manomi ya zo da yamma. Wanda yake kusa da gidan rediyon shi ake ba buɗewar asuba. A kusan kowane irin wannan gida akan sami wasu 'yan kaɗan da suke zuwa kullum, su riƙe mabuɗi da littafin kuɗi da injuna, akan kuma ba su ɗan abin motar haya ko na abinci gwargwadon hali. A bisansu akwai kwamitin amintattu da ke wakiltar jama'ar gari, shi ne mai tsara manufa da duba kuɗi, amma ba ya shiga ɗakin watsa shiri ya ce a faɗi kaza a bar kaza.

Aikin sa-kai yana da nasa ciwon, bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗan sa-kai yana da iyali da sana'a. In lokacin girbi ya zo, ko kifi ya shigo, gona da teku za su rinjayi makirufo. Yaron da aka sha wahalar koya masa aiki, da zarar muryarsa ta yi daɗi, sai gidan rediyon kasuwanci na birni ya ɗauke shi da albashi, ba kuwa mai ganin laifinsa. Maganin abin shi ne kada koyarwa ta tsaya. Gidan rediyon al'umma makaranta ce da ba a rufe rajistarta, kuma kowane shiri ya kamata a ce akwai mutum biyu da suka iya gabatar da shi.

Yadda ake haɗa shiri

A nan ne Rediyo Ada ya fi ba da darasi. Yadda aka saba a manyan gidajen rediyo shi ne a gayyato masani daga ofis, ya zauna a ɗaki mai sanyi ya gaya wa manoma yadda za su yi noma. A Ada an juya abin. Ɗan sa-kai yakan ɗauki na'urar ɗaukar murya ya tafi inda masu sana'a suke, bakin teku wurin masunta, ko wurin mata masu bandar kifi a gindin murhunsu, ko tasha wurin direbobi, ko kasuwa. Su ne za su zaɓi abin da za a tattauna, su yi maganarsu yadda suka saba yi a tsakaninsu. Wani mako a wannan ƙauye, wani mako a wancan. A dawo a tace, a watsa a lokacin da aka san masu wannan sana'a suna kusa da rediyo.

Amfanin wannan hanya biyu ne. Na ɗaya, sanin da ke wurin masu sana'a yana yawo daga ƙauye zuwa ƙauye: dabarar da wata mai banda ta gano ta rage cin itace, gobe ta isa kunnen wata da ba su taɓa haɗuwa ba. Na biyu, kuma shi ya fi girma, mutumin da bai taɓa zaton maganarsa ta isa a saurara ba sai ya ji muryarsa tana fita daga akwati ɗaya da muryar shugaban ƙasa. Matar da ta ji kanta a rediyo tana bayani a kan farashin kifi, ba wuya ta miƙe a taron gari ta yi tambaya. Ba a kori masani ba. Malamin gona da malamin asibiti suna zuwa, amma suna zuwa ne su amsa tambayoyin da jama'a suka riga suka aza.

Sauran lokacin kuwa akan cika shi da labarun gari da na ƙasa da na duniya, an fassara su zuwa Dangme, da waƙoƙi da kaɗe-kaɗen gargajiya da aka ɗauko daga bakin masu yin su, da tarihin da tsofaffi ke bayarwa, da sanarwa. Kada a raina sanarwa. Rasuwa, da ɗaurin aure, da cigiyar yaro ko dabba, da ranar allurar rigakafi, da kwalekwalen da bai dawo ba, duk aikin da mai shela yake yi ne a da, sai dai wannan mai shelar muryarsa tana ƙetare kogi.

Kayan aiki

Kayan ba su da yawa kamar yadda ake zato: makirufo biyu ko uku, da na'urar haɗa sauti, da kwamfuta, da na'urorin ɗaukar murya na hannu, da injin watsawa, da eriya a bisa dogon turke. Muryar FM kusan a miƙe take tafiya, dutse ko tudu yana tare ta, saboda haka tsawon turken da wurin da aka kafa shi suna da muhimmanci kamar ƙarfin injin. Dole a yi wa turken maganin tsawa, domin aradu ɗaya tana iya ƙone abin da aka shekara ana tarawa. Babbar matsala ita ce wuta. A Jamhuriyar Nijar, gidan rediyon ƙauyen Bankilare da aka buɗe a 1999 da hasken rana aka tafiyar da shi, kuma yau da faifan hasken rana ya yi araha, wannan hanya ta fi janareta sauƙi ga ƙaramin gari.

Kuɗi, da wanda ya ba da su

Cewa ba don riba ake yi ba, ba ya nufin ba a taɓa kuɗi. Akwai kuɗin wuta da mai, da gyaran inji, da kuɗin lasisi, da na zirga-zirgar masu ɗauko shiri. Abin da ake nufi shi ne, in an sami rara ba mai raba ta ya sa aljihu, komawa take cikin aikin.

Rediyo Ada ya sami taimakon kayan aiki da horo daga UNESCO da wasu ƙungiyoyin waje sa'ad da za a fara. Amma taimakon waje na kafawa ne, ba ya sayen mai har abada. Kuɗin yau da kullum daga gari suke fitowa, musamman daga 'yan kuɗin da ake biya na sanarwa, ga shi kuwa a kudancin Gana jana'iza babban taro ce da ake sanar da ita nesa da kusa, sai kuma ƙananan tallace-tallace na masu shaguna da masu sana'a. Wasu gidajen sukan ƙara da kuɗin ƙungiya da membobi suke biya, da gudummawar 'yan gari mazauna birni, da kwangilar shirye-shiryen lafiya ko noma daga hukumomi.

Wannan hanya tana da wahala, kullum ana cikin lissafi. Akwai wata hanya mai sauƙi, ita ce kuwa mai kashe gidan rediyon al'umma. Wani mai hali, ko ɗan siyasa, ko kamfani, zai zo ya ce ya ɗauke wa gidan kuɗin mai na shekara, ko ya sayo sabon inji. Ba zai nemi kome ba a ranar. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Ran da talakawa suka zo da kuka a kan wannan mutum, mai gabatar da shiri zai tuna wanda ya sayi man da injin yake sha, bakinsa ya yi nauyi. Naira ɗari-ɗari daga hannun mutum dubu ta fi dubu ɗari daga hannun mutum ɗaya, ko da yake a lissafi daidai suke. Gidan da ya san abin da yake yi yakan ƙayyade iyakar abin da zai karɓa daga hannu ɗaya, ya rubuta kowace gudummawa, ya kuma karanta wa jama'a.

Rigimar gishirin Songor

Amfanin wannan 'yanci ba ya bayyana sai ran da magana mai nauyi ta taso. A Ada maganar ita ce gishiri.

Tafkin Songor da rani yakan ƙafe, gishiri ya kwanta a bisansa. Bisa al'ada, tun kaka da kakanni, kowa yana iya zuwa ya ɗiba, ya ba masu kula da tafkin nasu rabo, kuma mata da yawa da wannan suke ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta. A shekarun 1970 aka ba wasu kamfanoni hayar sassan tafkin, rigima ta tashi. Ran 17 ga Mayu 1985, a wani samame da 'yan sanda suka kai, harsashi ya kashe wata mace mai ciki. A 1992 gwamnati ta yi doka ta mai da tafkin ƙarƙashin riƙonta a madadin jama'a. Daga baya wata sabuwar matsala ta ɓullo daga cikin gida: masu hali suka riƙa killace gefen tafkin, suna janye ruwan gishirin zuwa cikin nasu kududdufai, abin da mutanen wurin suke kira atsiakpo. Matan da a da suke ɗiba don kansu suka koma 'yan ƙodago a wurin da iyayensu suka ɗiba kyauta.

Rediyo Ada ya ɗauki wannan magana shekara da shekaru. Ya ba tsofaffi fili su faɗi yadda al'adar take, ya bayyana wa jama'a abin da doka da tsare-tsaren gwamnati suka ƙunsa cikin harshen da suke ji, ya kai makirufo ƙauyukan bakin tafki. Matan da suka haɗa ƙungiya mai suna Yihi Katseme, watau jaruman mata, ta wannan kafa muryarsu ta kai ga sarakuna da hukuma. Lura, a nan waɗanda ake kuka da su 'yan gari ne, wasunsu ma manya. Da a ce ɗaya daga cikinsu ne yake riƙe da gidan rediyon, da ba a ji kome ba.

A 2020 gwamnatin Gana ta ba kamfanin Electrochem hayar eka 41,000 na yankin tafkin na tsawon shekara 15. Gari ya rabu. Wasu sarakuna da jama'a suka goyi baya, suna cewa za a sami aikin yi, a kuma fitar da gishiri mai yawa da tafkin ya daɗe bai bayar ba. Wasu suka ce an raba su da abincinsu ba a shawarce su ba. Rediyo Ada ya ci gaba da shirinsa a kan Songor. Ran 13 ga Janairu 2022 wasu ƙarti suka afka wa gidan da rana, suka doki ma'aikata, suka farfasa kayan ɗakin watsa shiri, suka yi kashedi a daina maganar tafkin. Gidan ya yi shiru na 'yan kwanaki, ƙungiyoyin 'yan jarida na Gana da na waje suka yi tir da abin, sa'an nan ya koma aiki.

Abin lura ga duk garin da yake sha'awar irin wannan gida shi ne, ɗan sa-kai ba shi da katangar da ma'aikacin babban gidan rediyo yake da ita. Wanda ya yi magana a kansa da safe, da shi zai haɗu a kasuwa da yamma, wataƙila ma surukinsa ne. Kariyarsa ita ce ƙa'ida: kada a watsa zargi sai an bincika, a nemi ɓangaren wanda ake zargi a ba shi fili daidai da na mai ƙara, a ajiye kwafin duk abin da aka watsa, kada a bar mai bugo waya ya zagi wani ko ya tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko addini. Rediyon da ya zama bakin ɓangare ɗaya, ko da ɓangaren talakawa ne, ya ba masu neman rufe shi hujja. Haɗin kai da 'yan'uwa ma kariya ce: tun 1999 Rediyo Ada da Rediyo Peace na Winneba da Rediyo Progress na Wa suka kafa ƙungiyar gidajen rediyon al'umma ta Gana.

A Nijeriya

Nijeriya ta makara a wannan fage in aka kwatanta da Mali da Nijar da Gana da Afirka ta Kudu. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ita ce ta kafa NBC ta kuma buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, gidan rediyon kasuwanci na farko, Raypower, ya fara aiki a Legas a 1994. Jami'ar Legas ta sami lasisin rediyon makaranta a 2002. Amma garuruwa da ƙauyuka sai a 2015 aka amince da lasisi 17 na farko dominsu, bayan fiye da shekara goma ƙungiyoyi suna fafutuka. Cikin waɗanda suka samu akwai na Lavun da ke Kutigi a Jihar Neja, mai magana da Nufanci.

Garin da yake so ya nema, ga abin da ya kamata ya sani. Watsa shiri ba tare da lasisi ba laifi ne, kome ƙanƙantar injin, NBC ce kuma ake nema ta wurinta. Doka ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Lasisin al'umma kuma ba na mutum ɗaya ba ne, sai jama'a sun haɗa ƙungiya sun yi mata rajista da amintattu. Kafin a sayi ko makirufo ɗaya, a fara zama a rubuta tsarin mulkin ƙungiyar. A faɗi yadda za a zaɓi 'yan kwamiti da shekarun da za su yi su sauka. A tabbatar akwai mata da matasa da masu sana'a a ciki, da baƙin da suka zauna a garin, da masu ƙaramin harshe in akwai su. A rubuta cewa duk ɗan kwamiti ko mai gabatar da shiri da ya tsaya takarar zaɓe zai ajiye aikinsa har a gama. Sarki uban gari ne, a nemi albarkarsa da shawararsa, amma kada a ajiye injin a fadarsa. A sa ranar babban taro sau ɗaya a shekara, a fili, inda ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan duk wanda ya ba da gudummawa mai yawa, a kuma watsa taron kai tsaye domin waɗanda ba su sami zuwa ba.